Ko Babu Sabis, Laburare Na Iya Aiki

 Sharhinmu na yau ya shafi ɗakin karatu ne, wato laburare, da kwamfutocin da ake jibgewa a cikinsa, da kuma kalmomin da masu kawo kayan suke jefa wa shugaban makaranta ko kansila, har ya sa hannu a takarda bai san abin da ya saya ba. Zan fi karkata ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin su sun san wani abu game da sadarwa wanda ba a aji suka koye shi ba.

A farkon watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya. Ba a rufa mako biyu ba abin ya iso Katsina, a zamanin gwamna Aminu Bello Masari, aka kashe sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ko dabarar ta biya ko ba ta biya ba, wannan muhawara ce ta wani zama. Abin da kowa ya gani shi ne, mutum ya wayi gari wayarsa cike da caji, ga kati ga data, amma ba ta da wani amfani sai haska hanya da duba lokaci. Mai POS ya naɗe laimarsa. Mai son ya ji lafiyar ɗansa da ke Legas sai ya biya kuɗin mota zuwa garin da ke da sabis. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan a Katsina.

To amma ku tuna da wani abu. A duk tsawon watannin nan samari ba su daina tura wa juna wa'azi da waƙa da fassarar fim ɗin Indiya ba. Za ka ga biyu a shagon mai caji, kowa ya buɗe Xender, wannan ya danna aikawa, wancan ya danna karɓa, suka haɗa kai suna kallon layin yana cika, kafin shayi ya huce fim ya tsallaka daga wannan waya zuwa waccan. Ba MTN, ba Airtel, ba a ci data ko ta kwabo ba. Abin da ya faru shi ne waya ɗaya ta buɗe ɗan waifai nata, ɗayar ta shiga, suka yi musayar bayani tsakaninsu. Wannan haɗuwa ta na'ura da na'ura ita ce masana kwamfuta ke kira netwok. Mu a bakinmu netwok da sabis da intanet duk abu ɗaya ne, da zarar kira ya ƙi shiga sai mu ce babu netwok. A wajen masu aikin kuwa abu uku ne daban, kuma duk sharhin yau a kan wannan bambanci ya tsaya.

Idan na'urorin da suka haɗu a wuri ɗaya suke, ɗaki guda ko harabar makaranta guda, ana ce da shi LAN, marubutanmu na Hausa suna cewa sadarwar gajeren zango. Idan ya ƙetare gari zuwa gari, kamar yadda reshen banki na Funtuwa ke magana da hedikwatarsa, ya zama WAN, dogon zango ke nan. Intanet kuma ita ce haɗuwar dubban irin waɗannan a faɗin duniya. Asalinta wani gwaji ne na Amurka mai suna ARPANET, wanda ya fara da kwamfutoci a wurare 4 kacal a 1969. Sabis na wayar salula na GSM bai zo Nijeriya ba sai 2001. Saƙon da ka aika daga Sabuwa yana fara hawa ƙarfen sabis na kusa da kai, daga nan ya bi wayar faiba da aka binne ko ya yi ta tsalle daga ƙarfe zuwa ƙarfe, idan kuma waje za shi sai ya isa Legas ya shiga igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Kowace gaɓa a nan ana iya yanke ta. A watan Maris na 2024 wasu igiyoyin suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, har bankuna a manyan birane suka ji a jikinsu. Dogon zango ba a hannunka yake ba. Gajeren zango kuwa naka ne, muddin kana da wutar da za ta riƙe shi.

Duk yaron da ya zauna jarrabawar JAMB tun daga 2015, lokacin da aka koma yin ta da kwamfuta gaba ɗaya, ya ga gajeren zango da idonsa. A zauren akwai kwamfutoci jere, kowace da wayarta a baya, duk wayoyin sun nufi wani akwati mai ramuka da yawa da ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. Akwatin nan shi ne suwic, aikinsa raba saƙo tsakanin na'urorin cikin ɗakin. A gefe kuma akwai kwamfuta guda da ba a barin kowa ya taɓa, ita ke riƙe da tambayoyin, ita ke karɓar amsoshin. Ita ce saba, wadda wasu ke kira uwar garke. Sauran duk roƙonta suke yi tana ba su. Shi ya sa idan ta tsaya, zaure gaba ɗaya ya tsaya.

Sai rauta, wadda mutane suka fi sani saboda ƙahonninta. Ita ce ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin gajeren zango da duniyar waje, kuma ita ke zaɓa wa saƙo hanya. Kun tuna a ƙarshen Agustan 2021 da gwamnati ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zaga ta Funtuwa? Haka rautocin intanet suke yi, idan hanya ɗaya ta toshe sai su karkata da saƙo ta wata. Idan duk hanyoyin waje suka toshe, rauta ba ta da inda za ta kai ka, amma zirga-zirgar cikin gida tana nan ba abin da ya same ta.

Kowace na'ura a kan netwok tana da lambarta, ana ce mata adireshin IP. Wadda aka fi gani rukuni 4 ce ta lambobi, kowane rukuni daga 0 zuwa 255, da ɗigo a tsakani. Idan ka ga ta fara da 192.168, to ta cikin gida ce, ba ta fita waje. DNS kuma shi ne tsarin da ke juya sunan da ka rubuta a burauza zuwa wannan lamba. Sauran kalma guda da 'yan kwangila ke yawan rikita mutane da ita, ita ce ta saurin layi. Ana auna sauri da megabit, ana auna nauyin fayil da megabait, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Wanda ya ce maka layinsa megabit 8 ne, nufinsa megabait 1 a daƙiƙa, kuma shi ɗin ma duk wanda ke ɗakin da shi za ku raba.

Wannan ke nan game da wayoyi. Bari mu shiga laburaren kansa, don a nan ne aka fi yin tuya a manta da albasa.

Na taɓa shiga wata makaranta, ba zan kama suna ba, aka kai ni wani ɗaki da aka rubuta wa suna da babban baƙi a ƙofa, wai laburaren zamani. Kwamfutoci ne a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani. A kusurwa ga katan-katan na littattafai, wasu ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a kwance ba. Na tambayi malamin da ke riƙe da mabuɗi ko akwai littafin lissafi na aji uku. Ya ce lallai akwai, shi ya sauke su daga mota da hannunsa. Ya buɗe katan na farko, Turanci ne. Na biyu, ilimin zaman jama'a. Ya share gumi ya ce in dawo gobe. Malamin nan ba shi da laifi, ba wanda ya koya masa, ba kuma wanda ya ba shi lokaci. Amma littafin da ba a iya gano inda yake ba, da shi da babu duk ɗaya ne a wajen ɗalibi.

Abin da ke raba laburare da ɗakin ajiyar kaya shi ne katalog, mu ce fihirisa. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun wajen shekara ta 987 Miladiyya wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn Nadim, ya tsara Al-Fihrist, inda ya jera littattafan da ya sani da sunayen mawallafansu da fannoninsu. Waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun baya za su tuna da akwatunan katako masu aljihu a laburaren Kashim Ibrahim, kowane aljihu cike da ƙananan katuna, an huda su an zura musu ƙarfe don kada wani ya zare. Littafi ɗaya yakan samu kati a ƙarƙashin sunan mawallafi, wani a ƙarƙashin sunan littafi, wani a ƙarƙashin abin da yake magana a kai. Manhajar kwamfuta ba ta zo da wani sabon tunani ba, katunan nan ta haɗiye.

Lamba biyu ake ba kowane littafi, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko lambar shigowa ce, wadda ake rubutawa a babbar rajista bi da bi: wannan ne littafi na 1, wannan na 2, ko da kwafi 40 ne na abu guda kowane da tasa. Da ita ake ƙidayar dukiya, da ita ake gane wanda ya ɓata. Ta biyu lambar kanta ce, wadda ake liƙawa a ƙashin bayan littafi, ita ke faɗa maka inda zai zauna. A nan ne tsarin Dewey ke shigowa. Melvil Dewey, Ba'amurke, ya fito da shi a 1876, ya kasa ilimi gida 10 daga 000 zuwa 900. Noma yana 630, likitanci yana 610, lissafi yana 510, tarihin Nijeriya yana 966.9, harshen Hausa yana 493.72, adabin Hausa kuma 893.72. Jami'o'inmu sun fi amfani da wani tsarin, na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai haɗa baƙaƙe da lambobi, amma ga makarantar sakandare ko laburaren ƙaramar hukuma Dewey ya wadatar.

Sai dai ina da ƙorafi a kan Dewey, kuma duk wanda ya jera littattafai a ƙasar Hausa ya san shi. A gidan addini, wato 200, mutumin ya ba Kiristanci kusan daga 220 har 280, ya cusa Musulunci kacokan a lamba guda, 297. A garinsa wannan daidai ne da abin da ke kan kantarsa. A Faskari kuwa, inda tafsiri da hadisi da fiƙihu da sira za su iya cinye rabin ɗaki, dole ma'aikaci ya iya tsawaita lambar bayan ɗigo, in ba haka ba Risala da Ahalari da Arba'una duk su cunkushe wuri ɗaya.

Yanzu mu ɗauki littafi guda mu shigar da shi kwamfuta, a ce Magana Jari Ce. Manhaja za ta buɗe maka fom mai gurabe, kowane gurbi da lambarsa. A gurbi na 100 ake sa mawallafi, a juye: Imam, Abubakar, sannan shekarun rayuwarsa, 1911 zuwa 1981. A 245 sunan littafi. A 260, ko 264 a sabon tsari, garin da aka buga da kamfanin da shekara. A 300 yawan shafuka da tsawon littafin da ko akwai zane. A 650 abin da ya ƙunsa. A 020 lambar ISBN. Akwai kuma inda ake nuna harshe da baƙaƙe 3, Hausa ita ce h, a, u. Wannan tsari na gurabe shi ake kira MARC. Wata mata ce, Henriette Avram, ta jagoranci ƙirƙiro shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, kuma sigarsa ta yanzu, MARC 21, tun 1999 ake aiki da ita. Amfaninsa shi ne kwamfuta ba ta san wane ne mawallafi ba, ba ta san mene ne sunan littafi ba, amma ta san gurbi na 100 da na 245. Saboda kowa ya yarda da lambobin, bayanin da aka rubuta a Zariya zai shiga manhajar da ke Ƙanƙara ba tare da an sake buga ko harafi ba. Kuma ranar da ka gaji da manhajarka, kana iya kwashe bayananka ka koma wata. Duk mai tallar manhajar laburare da ya ce maka tasa ba ta fitar da MARC, ka sallame shi da mutunci, don so yake ya ɗaure ka.

Daga nan ne aka samu sauƙin da ake kira kwafar katalog. Akwai wata ƙa'idar sadarwa mai suna Z39.50, da ita manhajarka ke leƙa manyan laburarori ta ɗauko bayanin littafin da wani ya riga ya rubuta. Ka buga ISBN, bayani ya sauko, ka ƙara lambar kantarka, shi ke nan. ISBN lamba 13 ce tun 2007, Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Nijeriya, kuma galibin littattafan da aka buga a nan za ka ga sun fara da 978 sau biyu. Wannan aiki kam yana son intanet, amma sau ɗaya ne ga kowane littafi. Ma'aikaci na iya tara lambobin, ya je inda sabis ke da ƙarfi, ya sauko da su a filashi ya dawo.

To amma ba nan gizo ke saƙar ba. Littafin kimiyya da aka buga a Ingila kowa ya rubuta shi. Wane ne ya rubuta namu? Ɗimbin littattafan hikaya na kasuwar Kano sun fito ba ISBN, wasu ba shekarar bugu. Ƙasidun noma na Hausa da cibiyoyin Samaru suka raba wa manoma, waɗanda mai noman masara da auduga a Daudawa ko 'Yankara ya fi buƙata, ba za ka same su da danna maɓalli ba. Haka waƙoƙin ajami da ke cikin gafakar malamai, da tarihin sarautun gargajiya da wani malamin makaranta ya buga kwafi kaɗan da kuɗin aljihunsa. Masana sun yi ƙoƙari a manyan rubuce-rubuce, John Hunwick ya fitar da babban kundi a 1995 da ya jera ayyukan Larabci na malaman wannan yanki namu, Gidan Arewa da ke Kaduna ma yana da tarinsa. Amma abin da ke zauren wani malami a Ketare ko Damari, in ba ɗan yankin ne ya zauna ya rubuta shi gurbi-gurbi ba, babu wata na'ura da za ta san da shi. Wannan shi ake kira katalog na asali, kuma a ganina shi ne aikin da ya fi komai daraja a duk sana'ar.

Wanda zai yi shi dole ya san abu biyu. Na farko daidaita suna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wani littafin ya rubuta Usman dan Fodio, wani Uthman ibn Fudi, wani kuma da baƙaƙen Larabci. Idan ba a zaɓi siga guda aka ɗaure sauran a jikinta ba, kwamfuta za ta ɗauka mutum huɗu ne, mai nema ya samu kashi ɗaya ya tafi yana zaton ya gama. Na biyu shi ne bambancin neman kalma da neman maudu'i, kuma mutanen yankin nan sun fi kowa dacewa su gane shi. Ka rubuta Sabuwa a akwatin nema, za ta kawo maka sabuwar hanya da sabuwar shekara da sabuwar amarya. Ka rubuta Ƙanƙara, ta kawo maka wadda ke zubowa da damina ta kashe shuka. Amma idan ma'aikaci ya sa a gurbin wuri cewa wannan littafi a kan Sabuwa ƙaramar hukuma ta jihar Katsina yake, nema ɗaya ya isa. Haka kuma a tabbata manhajar tana karɓar baƙaƙenmu masu lanƙwasa da rubutun Larabci, abin da ake kira Unicode, kuma a gwada a gani ko wanda ya rubuta Kankara ba lanƙwasa zai tarar da abin da aka shigar da lanƙwasa. Tsofaffin manhajoji sukan mayar da baƙaƙen nan alamar tambaya.

Manhajar da aka fi ji a bakin ma'aikatan laburare a yau ita ce Koha. A ƙasar New Zealand aka rubuta ta a 1999, don wani ƙaramin laburaren gunduma da ke tsoron tsohuwar manhajarsa ba za ta tsallake shekarar 2000 ba, kuma suka sake ta kyauta ga duniya. Kafin ita laburarorinmu sun yi zamani da CDS/ISIS ta UNESCO, jami'o'in tarayya kuma sun yi da TINLIB a shekarun 1990. Koha ba ta da kuɗin lasisi. Kyauta a nan ba ta nufin ba za a kashe komai ba, don a kan wata babbar manhaja mai suna Linux take zama, sai an samu wanda ya iya girka ta da kula da ita. Fuska biyu gare ta. Ɗaya ta ma'aikaci, inda yake shigar da littafi, ya yi wa masu aro rajista, ya haska lambar nan mai zane-zane da ke jikin littafi idan za a fita da shi ko an dawo da shi. Ɗayar ta mai karatu ce, ana ce mata OPAC, shafin da kake rubuta abin da kake nema ya ce maka akwai, yana kanta kaza, ko wani ya ara sai ranar kaza.

A nan ne zancen farko ya haɗu da na biyu. OPAC a burauza ake buɗe shi, shi ya sa mutane ke zaton sai da intanet. Ba haka ba ne. Ka girka Koha a kwamfuta guda ta zama uwar garke, ka jona ta da rauta, duk wanda ya shiga waifai ɗin makarantar da wayarsa ko kwamfutar ɗakin, ya rubuta lambar nan mai farawa da 192.168, katalog zai buɗe masa ko an kashe duk ƙarfen sabis da ke jihar. Nauyin ma ba wani abu ba ne. Bayanin littafi guda bai cika wuce kilobait 1 ko 2 ba, saboda haka na littafi 10,000 bai kai nauyin bidiyon biki guda da ake turawa a WhatsApp ba. Abin da za a kiyaye shi ne wayar netwok ta tagulla ba ta son wuce mita 100, idan ginin ya yi nisa sai an sa wani suwic a tsakani. Kuma faifan sola da batir da inbata su ne farkon abin saye, ba na ƙarshe ba.

Kada kuma a rikita katalog da laburaren lantarki. Katalog yana nuna maka inda littafi yake ne kawai, ba ya ɗauke da littafin. Mai ɗauke da cikakken rubutu wani abu ne daban, kuma shi ma akwai wanda ba ya son intanet. Wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, ya zo koyarwa Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga irin wahalar da ake sha da layi, daga nan aka fito da eGranary, rumbun ajiya guda mai ɗauke da miliyoyin takardu da ake jonawa a gajeren zango. Akwai kuma Kiwix, manhajar da ke ba ka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, ka karanta ba data. Irin waɗannan ne ya kamata a tambayi ɗan kwangila a kansu. Idan abin da ya kawo shi ne kwamfuta 20 da biyan kuɗin intanet na shekara guda, ku tambaye shi me zai rage a ɗakin ranar da kuɗin ya ƙare.

Akwai wani ɓangare da littattafan koyar da wannan fanni ba su cika damuwa da shi ba, amma mu dole mu damu. Manhajar laburare tana riƙe da sunan kowane mai aro, da ajinsa, da garinsu, wani lokaci har da lambar wayar mahaifinsa da hotonsa. A yankin da aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300, a yankin da kowa ya san ɓarnar masu kai rahoto, irin wannan jeri ba abin wasa ba ne. Kada a karɓi bayanin da aron littafi ba ya buƙata. Suna da aji sun isa. Kalmar sirri ta shiga fuskar ma'aikaci kada ta zama wadda aka rubuta a takarda aka liƙa a jikin allon kwamfuta, kuma kada waifai ɗin da ɗalibai ke shiga ya zama a buɗe ga duk mai wucewa ta bayan katanga.

Haka zancen ajiye kwafi. Faifan sola da batir suna jan idon ɓarawo, tsawa takan ƙona na'ura, makaranta takan rufe ba shiri. Littafin da aka sace ana iya sayen wani, amma aikin shekara biyu na shigar da bayanai idan ya tafi ya tafi. Koha tana iya fitar da kwafin komai a fayil guda. A riƙa sauke shi a filashi duk mako, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a wani gari daban, in sabis ya samu a aika wani ta imel. Kuma lokaci-lokaci a gwada buɗe kwafin, don an sha ajiye filashin da ba komai a cikinsa.

Duk wannan aikin mutum ne zai yi shi. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da ilimin laburare tun 1968, Jami'ar Bayero ma ta daɗe tana yi, kuma a cikin waɗanda suka gama akwai 'ya'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke zaune ba aiki, ko suna koyar da wani darasin da ba nasu ba. Da ni ne shugaban ƙaramar hukuma aka ba ni kuɗin kwamfuta 20, da 5 zan saya. Sauran kuɗin in yi kantoci, in sayi rajista da sola, in ɗauki ɗaya daga cikin yaran nan aiki, in ce masa ya fara da kwance igiyar katan-katan ɗin nan ya ba kowane littafi lambarsa. Rajistar takarda ma ta isa a fara da ita, ranar da kwamfuta ta iso sai a juye.